Hirman saboda awa ɗaya: lamarin wani ƙaninmu a Madina

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar Saudiyya akwai kalma ɗaya da in ya ji ta sai gabansa ya faɗi, hirman. Wato a hana ka shiga jarrabawar ƙarshe ta wata madda, darasi kenan, saboda giyabinka, fashin shiga aji, ya yi yawa, ko da kuwa ka haddace littafin daga bango zuwa bango. Abin da zan kawo ya faru ne a zangon farko na bara, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta, yace in rubuta amma kar in sa suna, garinsu ma kar in faɗa. Toh zan dinga ce masa ƙaninmu kawai, dan Yaya yake ce min, unguwarmu ɗaya a gida, kuma ranar da zai taho mahaifinsa da kansa ya kira ni yace ga amana nan.

Yaron ba daƙiƙi ba ne, wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a lamarin. Tun a zaure ya haddace Alfiyyar Ibn Malik, baiti wajen dubu, kafin ma ya gama sakandare. Da ya zo bai daɗe a ma'ahadin lugga ba, inda ake koya wa baƙi Larabci, ya wuce kulliya, inda ake karatun digiri, har ya zama shi ne in ana musun i'irabi a sakan, masaukin ɗalibai, ake cewa a kira wane. Kuma maddar da ta kayar da shi ita ce Nahwu. Ku ji fa.

Bari in fara da dokar kanta, dan yawancinmu bamu taɓa karanta ta ba, a bakin na gaba da mu muke jin ta, shi ma a bakin wani ya ji. A tsarin karatu da jarrabawa na jami'o'in ƙasar nan, ɗalibi sai ya halarci aƙalla kashi 75 cikin 100 na muhadarori, wato laccocin kowace madda, kafin a bar shi ya zauna ikhtibar niha'i, jarrabawar ƙarshe kenan. In giyabinsa ya haura kashi 25 an haramta masa, za a rubuta masa harafin ha a gaban maddar, ma'ana mahrum, kuma a lissafin mu'addal, wato matsakaicin makinsa, daidai yake da wanda ya faɗi, maki 1 cikin 5. Akwai ƙofa ɗaya da aka bari: majalisar kulliya tana da ikon ɗage hirman ɗin in ɗalibi ya kawo uzurin da ta gamsu da shi, da sharaɗin halartarsa bata yi ƙasa da kashi 50 ba. Shikenan dokar, bata da tsawo. Inda mutane suke faɗawa rami shi ne ba da kwana ake lissafin ba, da awa ake yi, kuma kowace madda da nata lissafin.

Nahwunsu awa 3 ce a sati, awa 2 ranar Lahadi da ƙarfe takwas na safe, awa 1 ranar Alhamis. Zango sati 15, ya zama awa 45 kenan. Kashi 25 na 45 shi ne awa 11 da kwata. Ma'ana in ka rasa awa 11 kana ciki, in ta kai 12 ka fita. Ni kaina sai a kan wannan lamarin na taɓa zama na buga lissafin da alƙalami, shekara shida ina ƙasar nan.

Ga yadda awanninsa suka zube. Ya je hutun ƙarshen shekara gida ya tarar da mahaifiyarsa a kwance, shi ne babba namiji a ɗakinsu, ya ɗaga tikitinsa, bai dawo ba sai da aka yi sati biyu da fara karatu. Awa 6 ta tafi a kowace madda mai awa uku tun kafin ya zauna a kujera. Da ya dawo ya yi abin da duk ɗan gidan mutunci zai yi, ya tsaya bayan muhadara ya gaida duktur ɗin Nahwu, malaminsu kenan, ya gaya masa abin da ya riƙe shi. Duktur yace Allah Ya ba ta lafiya, khair in sha Allah. Yaro ya fito zuciyarsa fes, a tunaninsa an yafe. A wajenmu in babba yace maka ba komai to ba komai ɗin ne, maganar ta mutu. Shi kuwa duktur addu'a ya yi masa, addu'a ta gaskiya ma, amma giyabin yana nan a sistam yadda ya shigar da shi, dan ba shi ne mai karɓar uzuri ba, uzuri takarda ce da ake shigarwa ta hanyarta cikin wa'adi, kuma wa'adin kwanaki ne ƙalilan bayan ka dawo, kowace jami'a da nata. Babu wanda ya gaya masa haka. Ni ma ban gaya masa ba, na je na yi masa sannu da zuwa na ci kilishin da ya kawo min na tambayi jikin Hajiya na tafi.

A sati na bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi, irin mai zuwa da tari lokacin da yanayi ya fara juyawa. Nan kam Allah Ya taimake shi abokin ɗakinsa ɗan Nijar ya matsa masa sai sun je asibiti, da shi kaɗai ne da Panadol zai sha ya lulluɓa. Likita ya ba shi hutun kwana biyar, Lahadi zuwa Alhamis, takardar ta fito a manhajar lafiya ta Sehhaty. Awa 3 ta ƙaru, ta zama 9. Takardar kuma ta zauna a wayarsa bai kai ta ko'ina ba.

Sai Umara. Wanda yake Madina ya san yadda abin yake, Juma'a da Asabar ne hutu, sai 'yan'uwa su haɗa mota a ce a tashi Alhamis da safe dan a ɗau harama a Abyar Ali a isa Makka da wuri, tafiyar sama da kilomita 400 ce. Sau biyu ya bi su. Awa 2, ta zama 11. Lura fa, a nan yana kan gaɓa daidai, ko numfashi ya yi da ƙarfi zai faɗa, kuma bai sani ba.

Na ƙarshen shi ne wanda na kasa yi masa faɗa a kai yadda ya kamata. Yana zuwa Harami, Masallacin Annabi, sallar asuba, ya zauna a halƙar karatu har rana ta fito, ya dawo sakan yace bari ya ɗan kishingiɗa minti ashirin. Lahadi biyu a jere cikin sanyi minti ashirin ɗin nan ta kai shi ƙarfe goma. Kowace Lahadi awa 2 ce. Jimla 15, kashi 33 da 'yan kai. Da na tambaye shi me ya sa Nahwu ce kullum take shan kashi yace Yaya wallahi abin da ake yi a ajin na wuce shi tun ina ɗan shekara sha biyar, babin mubtada da khabar ne fa. Na ce masa to mubtada da khabar ɗin ne suka hana ka shiga jarrabawa.

Fikihu ma ta kamu, amma ita awa 12 cif: 6 na makarar dawowa, 3 na ciwo, 2 na Alhamis ɗin Umara, sai awa 1 da ya rantse yana ajin, ya shigo ne bayan an gama kiran suna kuma ya ji kunyar ɗaga hannu yace ga ni. Na yarda da shi dan na san halinsa, amma wata biyu bayan nan wa zai tuna wanda ya shigo a makare ranar Talata?

A sati na 13 ya gani. Ba ma shi ya duba ba, wani ɗan ajinsu ne yace masa ya ga sunansa cikin waɗanda aka haramta wa. Duk tsawon zangon adadin giyabin yana nan a shafinsa na jami'a, wurin da yake shiga kullum ya duba ko mukafa'a, alawus ɗin ɗalibai, ta sauka, gefe kaɗan kawai zai danna. Ya kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Ranar ta uku bayan isha ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya miƙo min wayar.

Abin da na fara yi, kuma ina faɗa ne dan kar wani ya ɓata lokacinsa kamar yadda na ɓata, shi ne kamun ƙafa. Akwai wani dattijo Bahaushe haifaffen nan, irin waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙasa ta Sudan suka zauna, ya daɗe yana aiki a ɓangaren mulki na makarantar kafin ya yi ritaya, Baba muke ce masa, Hausarsa da Larabci a cakuɗe amma tana fita. Muka je gidansa da la'asar, aka kawo gahawa da dabino, na zayyana masa komai na ce Baba ko za a yi wa duktur magana. Ya yi dariya yace ɗana, da zamanin da ake kiran suna a takarda ne da na ɗaga waya, yanzu ko duktur ɗin ya so bashi da hannun da zai goge, abin da ya shiga ya shiga, ku je ku rubuta, majalisa takarda take karantawa. Ya kuma tambayi yaron, wa ye murshidinka? Yaro ya yi shiru. Bai san yana da murshid akadimi ba, alhali kowane ɗalibi akwai malamin da aka ɗora wa duba lamarin karatunsa, sunansa ma yana rubuce a shafin nan dai da ake duba mukafa'a.

Washegari muka nemi murshid ɗin a sa'o'in da yake zama ofis, kuma gaskiya mutumin ya yi ƙoƙari. Abu na farko da ya duba shi ne ko za a iya i'itizari, wato ɗalibi ya janye daga madda kafin wa'adi ya cika a rubuta masa janyewa da uzuri, wadda bata shiga lissafin mu'addal. Ya buɗe takwim, kalandar karatu ta jami'a, wa'adin ya wuce da kwana tara. Da a sati na goma yaron ya zo, lokacin da yake kan awa 11, da zancen ya zama daban, ko dai ya kame kansa ya daina fashi ko ya ajiye maddar salin alin. Yanzu sai hanya ɗaya, a nemi ɗage hirman.

Murshid ya sa shi ya rubuta takarda biyu, kowace madda da tata, kar a haɗa. Yace kar ka cika ta da roƙo da ambaton halin da iyayenka suke ciki, rubuta kwanan wata, rubuta awa nawa, rubuta dalili, ka liƙa shaida a gaban kowane dalili. Nan muka ga inda muke da rauni. Ciwonsa yana da takarda mai lamba da za a iya tantancewa, duk da an kawo ta a makare. Ciwon Hajiya kuwa babu komai. A gida aka yi jinyar, wani ma'aikacin lafiya na unguwa ne yake zuwa yana sa mata ruwa, abin da aka iya turo mana ta WhatsApp hoton wata 'yar takardar magani ce da rubutun hannu da Turanci, ba hatimi, ba sunan asibiti, kwanan watan ma bai fito ba. Wani abokinsa ya kawo shawarar wai a sa a buga takardar asibiti a gida a turo, ai ana yi. Na ce in ya kuskura ba ruwana da shi. Hirman madda ɗaya ce za ka maimaita, takardar jabu kuwa kwamitin ladabtarwa ne, kuma ɗan minha, mai karatu da tallafi, in aka kore shi iƙamarsa, izinin zamansa a ƙasar, ma ta tafi. Muka liƙa 'yar takardar yadda take, ya rubuta gaskiyar abin da ya faru. Umara da barcin safe bai sa su cikin uzuri ba, murshid yace kar ma ya fara.

Takardun suka bi ta shugaban sashe zuwa majalisar kulliya, muka jira kwana takwas, yaron har ya rame. Ya ci gaba da shiga duka azuzuwan biyu bisa shawarar murshid, dan in aka ɗage maka kuma aka ga ka ƙara wani giyabin ka kashe kanka da kanka.

Sakamakon ya zo rabi da rabi. Majalisa ta karɓi uzurin ciwonsa, bata karɓi na makarar dawowa ba saboda babu shaida kuma lokacin kawo shi ya wuce da sama da wata biyu. A Fikihu in ka cire awa 3 daga 12 saura 9, kashi 20, aka ɗage. A Nahwu in ka cire 3 daga 15 saura 12. Iyaka 11 da kwata. Bakin alƙalami ya bushe a kan abin da bai ma cika awa ɗaya ba. Da Alhamis ɗaya cikin biyun nan ya ce wa 'yan motar su jira shi ya fito daga aji ƙarfe sha ɗaya, da ya rubuta jarrabawarsa.

Na ji wasu 'yan'uwa suna cewa an yi masa tsauri, yaron da uwarsa bata da lafiya. Ni ban ga haka ba, kuma ni ne na fi kowa son a ɗage. Halartarsa ta haura kashi 50, ma'ana majalisa tana da ikon ɗagewa, amma ikon an ɗaure shi da uzurin da za ta iya kare shi in an tambaye ta, mu kuma hoton takardar kemis muka kai. Inda nake ganin akwai gyara a ɓangaren makaranta shi ne sabon ɗalibi baƙo, wanda ya fito daga tsarin da malami shi ne wuƙa shi ne nama, ya kamata a zaunar da shi a satin farko a buga masa lissafin awannin nan a allo, ba a ba shi littafin dokoki da Larabcin ofis a ce ya karanta ba. Amma kafin in nuna makaranta da yatsa, mu manyan ɗalibai da muke tarbar su a filin jirgi muna nuna musu inda ake sayen layin waya da inda ake samun garin tuwo, wa ya taɓa zaunar da su a kan giyabi? Mahaifinsa amana yace min, ni kuma na ɗauka amanar ita ce in tabbatar yana cin abinci yana zuwa masallaci.

Lokacin jarrabawa na zama kamar ɗan sanda a kansa. Jadawalinsa na liƙa a ƙofar ɗakina. Dokokin zauren ma na sa shi ya maimaita min su kamar hadda: in aka yi rabin awa da farawa ba mai barinka ka shiga, kai ma baka fita kafin rabin awa, katin jami'a a hannu, waya kuma kar ma ta shiga aljihu dan ko a kashe take in aka gan ta a jikinka bayanin da za ka yi mai tsawo ne. Wanda bai zo jarrabawar ƙarshe ba sifili ne a wannan takardar, sai in uzuri ne na dole majalisa ta yarda a yi masa ikhtibar badil, jarrabawar madadi, shi ma kafin zango na gaba ya ƙare. Ya tarar da madda biyu a rana ɗaya ya zo yana ƙorafi, na ce biyu doka ta yarda, in uku ne a rana ɗaya shi ne za ka je ka yi magana tun kafin ranar. Ranar da 'yan ajinsu suka shiga Nahwu bai fito daga ɗaki ba, da daddare biyu daga cikinsu suka zo suna tambayarsa ko amsar da suka ba wa tambaya ta uku daidai ce, ya gyara musu.

Ga abin da hirman ɗin ya ci masa a lamba. Awa 15 ya ɗauka a zangon, madda shida. Fikihu ya samu 71, jayyid kenan, maki 3 sau awa 3 ya ba da 9. Wata mai awa 3 ya samu 82, jayyid jiddan, maki 4, ya ba da 12. Sauran ukun masu awa bibbiyu ya samu 90 da 76 da 66, wato 4.75 da 3.5 da 2.5, suka ba da 9.5 da 7 da 5. Nahwu maki 1 sau 3, ya ba da 3. A haɗa 45.5, a raba da 15, mu'addal 3.03. Da ya shiga Nahwun ya samu ko da 70 ne, wanda ido rufe zai wuce haka, da 3.43 ne. Bai kusanci inzar, wato gargaɗi, ba Alhamdulillah, dan sai mu'addal na jimla ya yi ƙasa da 2 cikin 5 ake ba da gargaɗin, uku a jere kuma sallama ce. Amma mai burin majistir, digiri na biyu, ya san abin da ake nufi da fara kulliya da 3.03, sai ya yi zango da yawa yana jan ta sama. Ga kuma Nahwu ta biyu da ba za ta buɗe masa ba sai ya ci ta farko, abokansa sun wuce shi da madda guda a layin da ya fi su iyawa.

Mahaifinsa har yau bai san zancen ba, yace shi zai gaya masa da bakinsa in ya je hutu, na bar shi a haka duk da ban tabbata na yi daidai ba.

Ya sake ɗaukar Nahwun, kuma ikon Allah jadawalin ya sake faɗowa Lahadi ƙarfe takwas, duktur ɗin ma shi ne dai. Asubar Lahadi yanzu a masallacin sakan yake yin ta, Harami sai sauran kwanaki. A jikin bangon gadonsa akwai wata takarda da ya ja wa layi, madda shida, kowacce da adadin awannin da aka yarda ya rasa a gabanta. Shekaranjiya na leƙa ɗakin na duba, muna sati na tara, gaban Nahwu babu ko ɗigo, gaban Tauhidi akwai 2. Na ce wannan fa? Yace Yaya ranar da na raka sabon yaron nan ɗan Zinder asibiti ne, kuma na shigar da takardar tun washegari.